Kwana Biyun da Ban Tafi Ba

A shekarar da na ci birbe, jarrabawar gama kolaj, mu uku ne ƴan mata daga garinmu muka zauna jarrabawar, ni kaɗai sunana ya fito. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Galma, bakin fadamar da ake noman albasa. Baba manomi ne, damina yana gona, rani yana garka. Inna Bafulatana ce, a ruga ta tashi, kuma duk shekarun da ta yi a cikin gari ba ta taɓa rabuwa da ƴan shanunta ba. Cikin ƴaƴan da ta haifa mu biyu muka rayu, ni da yayana. Shi ya tashi a garka wurin Baba, Hausa kawai yake ji. Ni auta na tashi a gindin Inna wurin tatsa, na sha Fulatanci tare da nono.

Mushen da ke koya mana kimiyya a kolaj shi ya taka har gida ya yi wa Baba bayani. Ya ce ɗiyar talaka da ba a iya ɗaukar dogon karatunta hanya biyu gare ta, ko ta koyi koyarwa ko ta koyi aikin jinya. Baba ya ce a tambaye ni. Na ce jinya nake so. Daga baya duk wanda ya tambaye ni dalili nakan ce don in taimaki mutane. Gaskiyar ita ce, ina ƙarama na ga wata mata ta zo garinmu rigakafi, bisa moto, wato babur, da farar riga da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya, sai maigari ya tashi daga kujerarsa ya ba ta. Ban taɓa ganin an yi wa mace haka ba. Abin da ya ja ni ke nan.

Karatun a Tawa ake yin sa, kuma ba kyauta ba ne. Inna tana da wata jar karsana da take ji da ita, jikar saniyar da ta zo da ita daga gidansu. Ranar kasuwar Madawa yayana ya ja ta ya tafi. Inna ba ta fito ɗaki ba sai da suka yi nisa. Da ta fito ta ɗauki ƙwarya ta nufi sauran shanun.

A Tawa gidan wata goggona na zauna, ina tafiya lakwal, makarantar jinya, a ƙasa. Ajinmu cike yake fal, mata sun fi yawa, daga kowane lungu na Adar. Allura a jikin katifa muka fara koyo, sannan a jikin juna. Sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da Faransanci suka kusa gagara ta, sai da na riƙa rubuta su a kaye, littafin rubutuna, ina sa wa kowanne sunan da mahauta ke kiran sa. Da muka fara zuwa istaj, wato koyon aiki, a babban asibiti na gane cewa aikin ba allura ba ne kawai. Wankin gyambo ne, da juya wanda bai iya juya kansa, da zubar da abin da dangi ma ke ƙyamar taɓawa. Makon farko ban iya cin abinci. Daga baya na saba, har nakan fito daga ɗakin gyambo in wanke hannu in sayi ƙosai.

Akwai wata malamarmu dattijuwa da ta yi shekaru tana aiki a daji kafin ta dawo koyarwa. Takan ce mana mu buɗe kunne, don inda za a kai mu babu dokta, babu ungozoma, babu mai shara, mu ne duka. Mukan yi dariya. Kowa a cikinmu yana ganin kansa a asibitin birni. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce difulom daban, aiki daban.

Hutun farko na aro abin awon jini wurin wata ƙawata na zo da shi gida, don in gwada hannuna kuma a ga na fara zama likita. A wurinmu duk wanda ya sa farar riga likita ne. Matan unguwa suka taru a tsakar gidanmu ina awon su ɗaya bayan ɗaya, ana raha. Da na zo kan Inna na ga allurar ta hau inda ban zata ba. Na ce kuskurena ne, na sake. Ta sake hawa. Inna ta janye hannunta tana dariya, ta ce abin Nasara bai san jinin Fulani ba. Mace ce siririya, ba ta taɓa kwanciya ciwo ba, ciwon kai kawai takan yi, ta ɗaure da kallabi ta ci gaba da aikinta. Sai da na yi kwana uku ina roƙo kafin ta yarda muka tafi Madawa. Can ma abin da aka gani ke nan: hawan jini. Aka rubuta mata magani, aka ce kullum za ta sha, ba ranar dainawa. A hanyar dawowa ta ce ita ba ta taɓa jin maganin da ba ya warkarwa ba.

Na gama karatu na karɓi difulom. Baba ya sa aka yanka akuya. Na ɗauka wata biyu ko uku zan yi a kira ni. Aka ce sai an buɗe ɗaukar ma'aikata, kuma ba wanda ya san ranar. Don kada hannuna ya mutu na nemi wuri a wani gidan likita a Madawa a matsayin benebol, wato mai aiki ba albashi. Mu da yawa ne haka. Muna zuwa tun safe, muna yin duk abin da masu albashi ke yi, wani lokaci fiye, ƙarshen wata a ba mu na sabulu in an samu. Shekara huɗu na yi a haka. Duk sanda aka ce an buɗe, mu tattara takardu, mu yi hoto, mu bi layi a kai su Tawa. Jerin sunaye ya fito, mu duba daga sama har ƙasa, mu koma daga ƙasa zuwa sama. Cikin ƴan ajinmu wasu sun samu shiga ƙungiyoyin agaji, wasu sun tafi Yamai suna aiki a asibitocin kuɗi. Wadda ta fi mu duka ƙoƙari ta buɗe shagon atamfa. Wani ya bi hanyar arewa neman aikin gini, ban sake jin labarinsa ba.

Abu guda da na samu a shekarun nan shi ne kusa da gida. Duk mako biyu nakan hau motar kasuwa in je in auna Inna, in kai mata magani. Wata rana ina shiga gari wata maƙwabciyarmu ta tare ni tana ta godiya, wai ƙwayoyin nan nawa ba su da na biyu wajen ciwon kai. Na ce waɗanne ƙwayoyi? Ashe Inna rabon su take yi. Duk wadda ta zo da ciwon kai ko jiri sai ta ɓalle mata biyu, ta ce maganin ɗiyarta likita ne. Ranar na yi mata faɗan da ban taɓa yi ba, har Baba ya leƙo ya ce in tuna da wa nake magana. Inna ta bari na gama, sannan ta ce da Fulatanci ita ba ta iya ganin mutum yana ciwo tana da magani a ɗaki ta hana shi. Daga nan na riƙa ba yayana maganin, shi ke ba ta da safe kafin ya tafi garka. Jinin ya sauka. Na samu kwanciyar hankali.

A shekara ta biyar sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka kwantira, wato aikin wucin gadi da albashi. Murnar ba ta daɗe ba, don da na karɓi takardar na ga inda aka tura ni: wani ƙaramin ɗakin shan magani a arewacin Keita, garin da ko sunansa ban taɓa ji ba. Na je wurin manjonmu, shugaban gidan likitan da nake benebol, na tambaye shi ko ana iya canzawa. Ya ce in na ƙi zuwa wani za a ba, kuma ba ya jin sunana zai sake fitowa nan kusa. Ya ce in je in yi shekara biyu, sannan in nemi a dawo da ni.

Na kai maganar gida ina fatan wani ya ce kar in tafi. Baba ya ce abin da na ga ya fi. Inna tana burkar nono, ba ta ko tsaya ba.

"Tahi abinki, auta," in ji ta. "Ba don ki zamna kina awon hannuna anka saida karsana ba."

Tafiyar yini guda ce in an yi sa'a. Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, sannan a bar babbar hanya a hau moto a shiga cikin duwatsu. Ɗakin shan maganin ɗaki biyu ne da rumfa, a wajen gari, da gado biyu da firigo na sanyaya magani mai aiki da hasken rana. Wanda na gada ya bar wurin watanni kafin zuwana, na tarar da gidan tururuwa a cikin kabad. Ni kaɗai ce. Manjon da nake ƙarƙashinsa yana wani gari mai nisa, bayan wata babbar ƙorama, sai ƙarshen wata nake ganin sa in na kai rahoto.

Garin kansa bai kai namu ba, amma mutanen da ke zuwa wurina daga nesa suke fitowa, daga zango-zango da rugage da ke warwatse a cikin kwari. Wata sai ta yi rabin yini bisa jaki da yaro a goye. Akwai Hausawa, akwai Buzaye, Fulani ma sukan ratso da dabbobi. Fulatancin Inna ya yi mini rana, na kuma tsinci ƴan kalmomin Buzanci na tambayar ina ke ciwo da tun yaushe. Wata tsohuwa da mijinta ya rasu ta ba ni ɗaki a gidanta, tana kira na ɗiyata. Mutanen sun girmama ni ƙwarai. Har kujerar ma an ba ni. Sai dai ranar da na rasa abin yi wa mara lafiya ba ni da wanda zan juya in tambaya. Salula ba ta kamawa a cikin gari, sai an hau wani tudu a bayan rijiya. Nakan hau bayan la'asar, kwana biyu ko uku sau ɗaya, in kira gida. Inna ba ta son magana a salula. Takan ce lafiya lau, shanu lafiya, ta miƙa wa yayana.

Damina ta biyu da na yi a can masassara ta yi yawa. Rumfar takan cika tun kafin in buɗe. Wata Talata da hantsi aka kawo mini wata yarinya ƴar shekara uku, jikinta kamar garwashi, tana sanƙarewa, idanu sun juye. Uwarta Buzuwa ce, yarinya ƙarama ita ma, da jariri a baya, mijin ya yi arewa da raƙuma. Irin wannan ciwon ƙa'ida ita ce in yi allurar farko in tura gaba. Na yi allurar, na sa mata ƙarin ruwa, amma turawar ba ta yiwu ba. Uwar ta ce ba ta iya barin gari ba da sanin mijinta ba, kuma ko ta yarda, yarinyar ba za ta jure moto cikin duwatsun nan ba. Da la'asar, da ta ɗan lafa, na bar tsohuwar gidanmu a kanta na hau tudu don in nemi manjo ya turo ambilans.

Salular tana kamawa sai kiran yayana ya shigo. Ya ce tun jiya yake nema na. Inna ta faɗi wurin tatsa, bakinta ya karkace, hannu da ƙafa na dama ba sa motsi. Sun ɗora ta bisa amalanke sun kai ta ɗakin shan maganin da ke kusa da mu, suka tarar da shi a kulle, ma'aikacin ya tafi taro. Sai da yamma suka samu mota zuwa Madawa. Na tambaye shi maganin fa. Ya ce tun farkon damina ta ce ta warke, shi kuma aikin gona ya sha kansa.

Na kira manjo. Ambilans ta tafi wani gari, ba a san lokacin dawowarta ba. Na gaya masa zancen Inna. Mutumin kirki ne, ya yi mini jaje sosai.

"Ki tahi, madam, ba ni rubuta komi a kanki," ya ce. "Amma ba ni da wanda za ni turowa. Ni ma ni ɗaya ne nan."

Na sauko. Akwai mai moto a garin da ke kai ni duk inda za ni, na same shi, ya ce in yanzu ne mu tafi, ƙorama ba ruwa, kafin magariba mun isa Keita. Na shiga ɗaki na haɗa jaka. Na biya ta ɗakin shan magani don in ba uwar yarinyar ƙwayoyi in nuna mata yadda za ta yi. Na tarar yarinyar ta sake sanƙarewa, ba ta iya haɗiye ko ruwa. Allura ta biyu tana da lokacinta, ta uku ma haka, kuma duk faɗin kwarin nan ba mai iya neman jijiya a hannun yaro sai ni. Uwar ba ta roƙe ni ba. Ta dubi jakar da ke kafaɗata, ta dubi ɗiyarta. Na gaya wa kaina Inna tana asibiti, tana hannun mutanen da na yi shekara huɗu da su, ko na je ba abin da zan ƙara. Na ce wa mai moto sai gobe da sassafe.

Kafin gari ya waye ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Na yi wa yarinyar allura, ta buɗe ido, ta nemi ruwa. Muka hau moto muka isa bakin ƙorama muka tarar ta cika ta batse, ja wur, tana jan itatuwa. Muka zauna nan tare da wasu masu jakuna har rana ta karkata. Ruwan bai janye ba. Muka koma. Sai rana ta uku maza huɗu suka ɗaga moton a kafaɗa suka haye da shi, ni kuma na ratsa ruwa har ƙugu, jakata a ka.

In ina ba mutane labari nakan ce ƙorama ce ta tsare ni kwana biyu. Kwana ɗaya ta tsare ni. Na farkon ni na zauna.

Na isa Madawa da yamma. Tsoffin abokan aikina sun yi mata duk abin da ake yi, sun ba ta gado kusa da taga. Da ta gan ni rabin fuskarta ya motsa. Na kama hannun hagun, ta riƙe ni da ƙarfi. Ta yi magana, yayana ya ce haka take ta yi tun ranar da ta faɗi, ba a gane abin da take cewa. Ni na gane. Hausar ce ta tafi gaba ɗaya, abin da ya rage mata ƴan kalmomin Fulatanci ne, su ma a karye. Ruwa take nema. Kwana uku tana faɗin ndiyam, ana gyara mata matashi.

Bayan mako guda aka sallame mu, don abin da ya rage na jinyar gida ne. Na yi kwana goma a garinmu. Ni ke mata wanka, ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu da cokali a gefen bakin da ke aiki. Aikin da na koya a Tawa ban taɓa yin sa da kyau kamar kwanakin nan ba. Matar yayana mace ce mai haƙuri, amma tana da ƴaƴa huɗu da daka da ɗiban ruwa, ga gona. Na koya mata yadda ake juya mara lafiya kada baya ya yi gyambo, da yadda ake motsa hannu da ƙafa. Na koya mata kalmomi: ndiyam ruwa, kosam nono, da wadda Inna ke faɗi in wani wuri na mata zafi. Tana maimaitawa tana dariyar kunya.

Manjo ya kira ya ce an fara tambayar sa, mutane na zuwa suna tarar da ƙofa a kulle, kuma mai kwantira ba ta da dogon hutu. Na ce wa yayana zan ajiye aikin. Ya ce in na ajiye da me za a riƙa sayen magani da sabulu, gero bai nuna ba. Ranar da zan tafi na durƙusa na gaya wa Inna da Fulatanci cewa zan je in dawo. Ta daɗe tana kallo na, sannan ta saki hannuna ta juya fuska wajen bango. Har yau ban san ko izini ta ba ni ko fushi ta yi ba.

Da na koma na rubuta takardar neman a dawo da ni kusa da gida. Manjo ya sa hannu ya kai Keita da kansa. Aka ce ta wuce Tawa, sai lokacin da ake canje-canjen shekara. Yarinyar nan mai masassara ta warke sarai. Uwarta ta zo da ita, ta kawo mini cuku ƙunshe a tsumma. Na karɓa na yi godiya. Yarinyar tana ta wasa da murfin kwalba a ƙasan rumfa, na ga ban iya kallon ta. Ba ta yi mini komai ba, na sani, amma sai da na shiga ciki na rufe ƙofa har suka tafi. Na daɗe ina jin kunyar wannan.

Sau biyu na samu zuwa gida bayan nan, kwana bibbiyu. Zuwa na biyu, lokacin girbi, na ɗaga zanen Inna na ga abin da nake tsoro. Gyambo ya buɗe a ƙugunta, ya yi zurfi. Matar yayana ta fashe da kuka, ta ce kwanakin yankan gero ne suka yi mata yawa. Ban ga laifinta ba. Na wanke, na ɗaure, na bar magani da bandeji, na nuna mata. Na san irin wannan gyambon, na san inda yake kai mutum in ba a wanke shi safe da yamma da hannun da ya iya. Inna ta daina ko ƴan kalmomin. Na koma bakin aiki.

Ta rasu ranar wata Alhamis da safe, bayan an gama kai amfanin gona gida. Ban hau tudu ba sai Juma'a. Da na iso an yi kwana biyu da rufe ta.

Bayan sadakar bakwai, mutane sun watse, na bi Baba garka. Lokacin dashen albasa ne, yana durƙushe a cikin fangali yana soka iri a laka. Na tsuguna ina miƙa masa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Auta, in tambaye ki, ki gaya mini gaskiya. Da kin taho ran da anka kira ki, da ta tashi?"

Na ce a'a. Abin da ya fashe a kanta ya riga ya fashe tun a wurin tatsa, zuwana ba ya mayar da shi. Ya gyaɗa kai. Da na tsaya nan da ya wadatar, amma na kasa. Na ce masa ba faɗuwar ce ta kashe ta ba, gyambon ne, kuma da ina gida watannin nan da gyambon bai fito ba. Wannan na tabbata.

Ya soka iri uku ko huɗu kafin ya amsa. Ya ce shi ma lokacin da mahaifinsa ya rasu yana Abijan wurin bida, neman kuɗi, yana tura kura a kasuwa. Sai bayan wata biyu wani ɗan garinmu ya sauka ya gaya masa. Ya ce ya yi shekaru yana lissafin abin da yake yi a ranar, ko yana cin abinci ne, ko yana dariya. Ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar. Bai ce mini ba komai ba, bai kuma ce na yi laifi ba. Ya ce in matso da kwandon, rana na yi.

Takardar canjin ta fito bayan wata bakwai. Aka kawo ni wani gidan likita a ƙasar Babankatami, inda mu uku ne, kuma in na tashi da safe ina isa garinmu kafin azahar. Tsohuwar da ta ba ni ɗaki ta raka ni har bakin ƙorama a ƙasa, tana tambaya wa za a kawo musu. Na ce za a kawo wani. An yi kusan shekara kafin a kawo.

Har yanzu kwantira nake, ana cewa za a ba mu lambar zama cikakkun ma'aikata. Ɗalibai sukan zo mana istaj daga Tawa, da sababbin fararen riguna, suna tambaya ta yadda aikin daji yake. Nakan nuna musu yadda ake neman jijiya a hannun yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, da yadda ake magana da tsoho har ya yarda ya sha magani. Baba yana nan, ƙafa ta fara ba shi wahala, ya bar wa yayana garkar. Ranar Juma'a nake zuwa in gan shi, in kwana, in juyo Asabar.